Filin Tambayoyinku: Tashar Baƙaƙen Fata, Adalci Ce Ko Wariya?

Da yawa daga wasiƙun wannan watan a kan magana ɗaya suka zo: shin adalci ne a ware wa wata al'umma tasharta, ko makarantarta, ko watan bikinta, alhali ana cewa kowa da kowa ɗaya ne? Mun zaɓi bakwai, mun taƙaita wasu saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina yawan ganin ce-ce-ku-ce tsakanin Amurkawa a Facebook. Wani Bature ya rubuta cewa baƙaƙen fata suna da tashar talabijin tasu mai suna BET, da mujallunsu, da gasanninsu, amma da shi zai buɗe tashar fararen fata da an ce masa mai wariya. Ni kam na ga kamar yana da gaskiya. In ana son daidaito, ai abin da ya halatta ga wani ya halatta ga kowa. Ko kuwa? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ƙa'idar da ka kafa mun yarda da ita. Sai dai kafin a yanke wa BET hukunci da ita, a fara bincika wa tashar ta hana me.

BET ta fara aiki a watan Janairun 1980. Wanda ya kafa ta, Robert Johnson, ya fara ne da shirin sa'a biyu kacal a mako a kan layin wata tashar, kuma babban jarin farko, dala 500,000, daga aljihun wani attajiri farar fata ya fito, John Malone. A 2001 kamfanin Viacom ya saye ta a kan kusan dala biliyan 3, wato shekara ashirin da ɗoriya ke nan rabon da a ce tashar mallakar baƙar fata ce. Ba a tambayar kowa launin fatarsa kafin ya kunna ta. Wajen ɗaukar ma'aikata kuwa, dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta hau kanta kamar yadda ta hau kan duk kamfanin da ke da ma'aikata 15 zuwa sama. In ta ƙi ɗaukar mai ɗaukar hoto don shi farar fata ne, yana da ikon kai ta kotu, domin tun 1976 Kotun Ƙolin Amurka ta ce dokar tana kare farar fata kamar yadda take kare baƙar fata. Hatta lambobin yabon tashar ba a kulle suke ba: a 2015 kyautar sabon mawaƙi Birtaniya ta tafi, ga Sam Smith, farar fata. Sunan tashar kamar allon mai abinci ne a Sabon Garin Kano da aka rubuta amala da ewedu. Yana gaya maka abin da ke cikin tukunya, bai ce Bahaushe kada ya shigo ba.

To, me ya kawo ta? Ruwa ba ya tsami banza. A 1980 manyan tashoshi uku ne ke riƙe da talabijin a Amurka, ABC da CBS da NBC, kuma masu kallo mafiya yawa suke wa shiri, saboda su masu talla ke biya. Baƙaƙen fata ba su wuce mutum ɗaya cikin takwas ba a ƙasar. Da MTV ta fito a 1981, waƙoƙin baƙaƙen fata sai jefi-jefi, har sai da Michael Jackson ya fasa ƙofar a 1983, shekarar da mawaƙi David Bowie, shi ma Bature, ya tsare ma'aikacin tashar a gaban kyamara yana tambayarsa dalili. Gasar sarauniyar kyau ta Amurka ta taɓa rubuta wa ƙa'idojinta ƙarara cewa mai shiga sai ta kasance farar fata, kuma ba a ga baƙar fata a dandalinta na ƙasa ba sai 1970. Shi ya sa aka ƙirƙiro ta baƙaƙen fata a 1968. Haka jaridu: Freedom's Journal ta fito a New York a 1827, mujallar Ebony a Chicago a 1945, a zamanin da baƙar fata kan shiga manyan jaridu galibi in ya yi laifi, amma aurensa da kammala karatunsa da buɗe shagonsa babu mai bugawa.

Baturen naka kuma, doka ba ta hana shi buɗe tasharsa ba, muddin ba zai yi wariya wajen ɗaukar aiki ba. Abin da zai fuskanta shi ne bakin mutane, kuma bakin yana da dalili. Daga hukuncin 1896 da ya halatta raba wurare har zuwa dokar 1964, kalmar "fararen fata kaɗai" rubuce take a ƙofar makaranta da asibiti da otal da famfon shan ruwa, da 'yan sanda a bayanta. Akwai waɗanda suka sha ruwa a famfon da aka ware wa baƙaƙen fata saboda wannan allon, kuma suna raye. Ka lura kuma Turawan Amurka suna da bukukuwansu bisa asalinsu, babu mai ce musu uffan: 'yan asalin Ireland suna cika titunan New York kowace 17 ga Maris, 'yan asalin Italiya da Jamus da Poland kowa da ƙungiyarsa da ranarsa. Jikan bawa kuwa an yanke masa wannan igiyar. Bai san ko kakansa Bafulatani ne ko Ibo ko ɗan Ashanti ba, sunan da ya rage masa shi ne launin da aka tara su a ƙarƙashinsa. A bakinsa "baƙar fata" tana aikin da "Bahaushe" ke yi a bakinka.

Wannan ba ya nufin BET ta kuɓuta daga suka. Masu sukarta mafiya zafi baƙaƙen fata ne, waɗanda suka ga ta rage shirye-shiryen labarai ta cika allo da waƙoƙin tsiraici da nuna kuɗi. Akwai kuma wata illa da ba a cika faɗa ba: da zarar an samu tasha ta musamman, manyan tashoshi na iya nannaɗe hannu su ce ai kuna da taku. Inda Baturen ke da ƙafar tsayawa sosai shi ne inda aka kulle ƙofa da gaske, aka ce wannan kuɗi ko wannan aiki na masu launi kaza ne. Za mu zo kansa a ƙasa.

Tambaya: Ni malamar tarihi ce a sakandare. Ɗalibaina sun tambaye ni me ya sa Amurka ke da watan tarihin baƙaƙen fata amma ba ta da na fararen fata. Me zan ce musu? Daga wata malama a Damagaram.

Amsa: Malama, ki fara musu da mutumin da ya kawo abin. Carter Woodson ɗan waɗanda suka yi bauta ne, ya yi aikin haƙar kwal yana saurayi, ya kuma samu digirin digirgir a jami'ar Harvard a 1912. A 1926 ya ƙaddamar da mako guda, na biyu a Fabrairu, saboda a cikinsa ake tunawa da haihuwar Abraham Lincoln, shugaban da ya 'yanta bayi, ranar 12 da ta Frederick Douglass, tsohon bawa mai yaƙi da bauta, ranar 14. Ƙungiyarsa ta riƙa buga wa malamai irinki ƙasidu da hotuna, don littattafan makaranta na lokacin ba su san baƙar fata ba sai a babin bauta. A 1976 aka faɗaɗa shi ya zama wata, Shugaba Gerald Ford ya sa masa albarka. A Birtaniya kuwa Oktoba ake yi, tun 1987, kuma ɗan Ghana ne ya jagoranci kafa shi a Landan, Akyaaba Addai-Sebo.

Ki gaya musu kuma ba shi kaɗai ba ne. Maris na 'yan asalin Ireland ne, Mayu na Yahudawan Amurka, 15 ga Satumba zuwa 15 ga Oktoba na masu asali daga ƙasashen da ke magana da Sifaniyanci, Nuwamba na 'yan asalin ƙasar tun kafin zuwan Turawa. In sun ce to ina na Turawa gaba ɗaya, ki tambaye su shafi nawa littafin da aka koyar da kakanninsu zamanin mulkin Faransa ya ba Sarki Tanimun ko Sarauniya Mangu, shafi nawa kuma ya ba sarakunan Faransa.

Lalacewar watan tana zuwa ne in ya zama al'ada kawai: kowace shekara a maimaita Martin Luther King da Rosa Parks, kamfanoni su canza launin tallarsu, Maris na kamawa a rufe littafi. Wannan ne ya sa ɗan fim Morgan Freeman ya ce a 2005 shi ba ya son watan, don tarihin baƙaƙen fata tarihin Amurka ne. Woodson da kansa burinsa ke nan, a kai ranar da manhaja za ta ɗauke aikin.

Tambaya: Ɗana yana neman gurbin karatu a Amurka, an ba shi shawarar ya gwada jami'o'in baƙaƙen fata. Sai kuma na ji an ce kotu ta haramta fifita baƙar fata. Ashe ba za a rufe su ba? Kuma su ɗin ba wariya suke yi ba? Daga wani Alhaji a Kaduna.

Amsa: Alhaji, ka kwantar da hankalinka, hukuncin bai taɓa su ba. Abu biyu ne aka cakuɗa maka.

Na farko, jami'o'in. Kusan guda 100 ne, kuma dokar ilimi mai zurfi ta 1965 ta fassara su da makarantun da aka kafa kafin 1964 domin ilmantar da baƙaƙen fata, a lokacin da jami'o'in jihohin kudu ba sa ɗaukar su. Wato tarihinsu ne ya ba su sunan. Ba sa ware kowa wajen ɗaukar ɗalibai: wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ɗalibansu a yau ba baƙaƙen fata ba ne, kuma Bluefield State da ke jihar West Virginia mafi yawan ɗalibanta farare ne. Jami'ar Howard ma da ke Washington, wadda aka buɗe a 1867, ɗalibanta na farko 'yan mata ne farare, 'ya'yan waɗanda suka kafa ta. Mu 'yan Afirka ta Yamma mun daɗe da cin moriyarsu. Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah duk a Lincoln ta jihar Pennsylvania suka yi digiri. Matsalar waɗannan makarantu kuɗi ce: a 2023 gwamnatin tarayya ta rubuta wa gwamnonin jihohi 16 cewa a cikin shekara talatin da 'yan kai sun tauye wa irin waɗannan jami'o'i sama da dala biliyan 12 in aka kwatanta da takwarorinsu, kuma jihar Maryland ta amince a 2021 ta biya nata guda huɗu dala miliyan 577 bayan doguwar shari'a. Don haka ɗanka ya bincika sashen da yake so, da ɗakin gwaje-gwajensa da ɗakin kwanan ɗalibai, kada suna ya ja shi.

Na biyu, hukuncin. Ranar 29 ga Yunin 2023 Kotun Ƙoli ta hana Harvard da jami'ar North Carolina sanya launin fata cikin ma'aunin ɗaukar ɗalibai, hukuncin kuma ya shafi sauran jami'o'i. Masu ƙara sun ce tsarin yana danne 'yan asalin Asiya, sun kuma nuna yadda Harvard ke ba su maki ƙasa da na kowa a ɓangaren "hali da ɗabi'a". Wannan ƙorafi ne mai nauyi, kuma mu ba mu ga amsar da ta wanke shi sarai ba. Amma takardun shari'ar nan dai sun nuna kashi 43 cikin 100 na fararen fatar da Harvard ta ɗauka sun shigo ne a matsayin 'yan wasa, ko 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, ko 'ya'yan ma'aikata, ko waɗanda ke cikin jerin alfarma na shugabannin makaranta, galibi 'ya'yan masu ba da gudummawa. Wannan ƙofar kotu ba ta rufe ta ba. Sakamakon ya fito da wuri: a jami'ar MIT baƙaƙen fata cikin sababbin ɗalibai sun sauko daga kusan kashi 13 cikin 100 zuwa kashi 5 a 2024.

Akwai kuma abin da ya kamata mu faɗa wa kanmu. An ƙirƙiri fifikon ne don jikokin bayi, amma wani bincike da aka wallafa a 2007 ya gano kashi 41 cikin 100 na baƙaƙen fatar da ke manyan jami'o'in nan takwas na arewa maso gabas baƙi ne ko 'ya'yan baƙi, daga Najeriya da Ghana da tsibiran Karebiyan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan na cikin aibin auna mutum da launi kaɗai: ɗan likita daga Legas da jikan manomin auduga daga Mississippi sai su faɗa layi ɗaya.

A aikace, ga abin da ɗanka zai kula da shi. Kotu ta bar masa damar ya rubuta a takardar bayanin kansa yadda asalinsa ya shafi rayuwarsa, in ya danganta shi da abin da ya yi ko ya koya. Tallafin gwamnatin tarayya na 'yan ƙasa ne da masu izinin zama na dindindin, mai bizar ɗalibi ba ya samu, don haka ya nemi tallafin da jami'ar kanta ke bayarwa. Ya karanta sharuɗɗan kowane tallafi na wannan shekarar, kada ya dogara da abin da wani ya samu shekara uku da suka wuce, saboda da yawa an sake musu fasali. Misali, wani asusu a Atlanta mai suna Fearless Fund yana ba mata baƙaƙen fata masu sana'a dala 20,000. Kotun ɗaukaka ƙara ta dakatar da shirin a Yunin 2024 bisa dokar 1866 da ta hana wariya a yarjejeniya, dokar da aka yi don kare 'yantattun bayi, a Satumba kuma asusun ya rufe shirin.

Tambaya: Mu 'yan arewa mazauna Manchester muna son yi wa ƙungiyarmu rajista, mu kafa asusun tallafin karatu. Wani ya ce in muka rubuta "baƙaƙen fata kaɗai" mun karya doka. Gaskiya ne? Daga sakataren wata ƙungiya a Ingila.

Amsa: Gaskiya ya faɗa muku, Malam, kuma gyaran ba wuya. Dokar daidaito ta 2010 ta sa launi, da ƙasar da mutum ke riƙe da fasfonta, da ƙabila ko asali duk a ƙarƙashin abu ɗaya da ba a yarda a yi wariya a kansa ba. Amma ta ba ƙungiyoyi rangwame. Ƙungiyar da ke da mambobi 25 zuwa sama, mai ƙa'idar zaɓen wanda zai shiga, tana iya taƙaita shiga ga masu asali ɗaya ko addini ɗaya ko jinsi ɗaya. Abu guda da aka cire daga rangwamen shi ne launi. Don haka "Hausawa", ko "'yan asalin Najeriya da Nijar", ko "'yan asalin Afirka" duk sun halatta, "baƙaƙen fata" bai halatta ba.

Asusun kuma yana da nasa sharuɗɗa. Sashe na 193 ya yarda gidauniya ta keɓe taimakonta ga wata al'umma in an rubuta haka a takardar kafa ta, kuma in manufar rage wani koma-baya ce da ke damun al'ummar, ko wata halastacciyar manufa da keɓewar ta dace da ita. Ku tanadi hujja a rubuce, misali alƙaluman sakamakon jarrabawa na unguwannin da yaranku suke. In kun saka launi a takardar, doka za ta karanta ta kamar babu kalmar. In kuɗin da ke shigo muku ya haura fam 5,000 a shekara, wajibi ne ku yi rajista da hukumar kula da gidauniyoyi. Inda ƙungiyoyi irin taku suka fi tuntuɓe shi ne su rubuta cewa tallafin na 'ya'yan mambobi ne kawai. Wannan tuwona maina ne, hukuma za ta ɗauke shi taimakon juna irin na adashi, ba za ta ba shi matsayin gidauniyar amfanin jama'a ba. Ku buɗe shi ga duk yaron al'ummar da ya cika sharaɗi, ko iyayensa ba sa biyan kuɗin wata.

In kuma kun girma har kuna ɗaukar ma'aikaci, rangwamen ya ƙare a nan. Sashe na 159 ya yarda a fifita ɗan al'ummar da ke da ƙarancin wakilci ne kawai in shi da abokin takararsa sun yi kunnen doki a cancanta. A 2019 rundunar 'yan sandan Cheshire ta sha kaye a kotun ma'aikata saboda ta ɗauki sama da mutum ɗari da suka ci tantancewa a matsayin masu cancanta ɗaya, sannan ta tsallake wani Bature. Kafin ku sa hannu a tsarin mulkin ƙungiyar, ku ba lauya ya duba.

Tambaya: Faransa ta ce ita ba ta ganin launi, kowa ɗan ƙasa ne. Wannan bai fi na Amurka ba? Daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi.

Amsa: A takarda ya fi kyau, Alhaji. Sashen farko na tsarin mulkin 1958 ya ce 'yan ƙasa daidai suke ba tare da duba asali ko launin fata ko addini ba, dokar 1978 ta taƙaita tattara bayanan ƙabilar mutane, kuma ƙidayar ƙasar ba ta tambayar launi. Amfaninsa shi ne gwamnati ba ta liƙa wa yaro lamba tun yana zanen goyo. Illarsa kuma, ciwon da ba a auna ba yana da wuyar magani. Da hukumar kare haƙƙin jama'a ta ƙasar ta yi nata binciken, ta bayyana a 2017 cewa samarin da ake wa kallon baƙaƙen fata ko Larabawa sun ninka sauran jama'a sau 20 wajen yiwuwar 'yan sanda su tare su su nemi takardu. Ashe dai ɗan sanda yana ganin launin.

Dabararsu ita ce bi ta unguwa. Tun 2001 makarantar Sciences Po ta buɗe hanya ta musamman ga ɗaliban sakandaren unguwannin talakawa, ko wane launi ne. Wannan tsari muna ganin ya cancanci koyi. Taron da aka keɓe wa wasu kuwa ba sa ɗaukarsa da sauƙi: a 2017 magajiyar garin Paris, Anne Hidalgo, ta nemi a hana wani bikin mata baƙaƙen fata, aka sasanta a kan cewa abin da za a yi a ginin hukuma a buɗe wa kowa, zaman da aka keɓe kuma a yi shi a wuri mai zaman kansa.

Tambaya: Muna ta maganar Amurka, mu fa? Akwai Arewa24, akwai Hikayata, gasar gajerun labarai ta BBC Hausa ta mata zalla, akwai kason jihohi a jami'o'i. Abokina ɗan kudu ya ce duk wariya ce. Daga wani ma'aikaci a Jos.

Amsa: Malam, abokinka ya zuba abu uku a buhu ɗaya. Arewa24 da ta fara a 2014, da sashen Hausa na BBC tun 1957, da Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939, harshe ne iyakarsu, harshe kuwa ana koyonsa. A Jos ɗin nan da kake akwai dubban masu jin Hausa da ba Hausawa ba, suna kallo, wasu ma suna fitowa a ciki. BBC ta buɗe sashen Yarabanci da na Ibo a 2018, babu abin da ya rage mana.

Hikayata ƙofarta a rufe take ga maza, wannan gaskiya ne. Mu muna goyon bayanta don abin da namiji ya rasa kaɗan ne, yana da sauran gasanni, dalilin keɓewar kuma a bayyane yake. Amma marubucin da ya ce shi ma yana son dandali irin wannan bai yi laifi ba.

Kaso shi ne mai nauyi, don gurbin da aka ba wani an hana wani ne. Sashe na 14(3) na tsarin mulkin 1999 ya wajabta raba muƙaman tarayya yadda wasu jihohi ko ƙabilu ba za su mamaye ba, sashe na 42 kuma ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila ko garinsu. Hukumar raba daidai da aka kafa a 1996 a tsakanin waɗannan biyun take tafiya. A jami'o'in tarayya ƙa'idar ita ce kashi 45 cikin 100 cancanta, 35 jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Dalilin na gaske ne, boko ya riga shiga kudu da shekaru masu yawa. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gurbin jihar da aka bari a baya sau da yawa ɗan babban ma'aikaci ne da ya yi makarantar kuɗi a Abuja ke cinye shi, yaron ƙauyen da aka yi dokar dominsa ko sakandare bai gama ba. Ga takardar shaidar asali, wadda ke mayar da wanda aka haifa a gari, aka haifi ubansa a garin, baƙo. Mutumin Jos ba ya buƙatar a yi masa bayanin abin da wannan ta jawo.

Wasu ƙasashe sun toshe irin wannan yoyon. Kotun Ƙolin Indiya ta ce a 1992 a cire 'ya'yan masu hali daga kason al'ummomin da aka bari a baya, kuma jimlar kaso kada ta wuce rabi. Dokar Brazil ta 2012 ta ware rabin guraben jami'o'in tarayya ga waɗanda suka yi sakandaren gwamnati, rabin wannan kuma ga 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, sannan aka raba bisa yawan kowace al'umma a jihar, aka kuma sa wa'adin sake dubawa bayan shekara goma. Ghana da ta kafa asusun raya zango a 2017, unguwa ta ɗaura wa, duk mazaunin zango ya shiga ko wace ƙabila ce. Da za a ce gurbin kashi 20 ɗin nan sai wanda ya yi makarantar gwamnati a cikin jihar, da rabin ƙorafin abokinka ya faɗi.

Tambaya: To yaushe za a daina? In an samu daidaito ai sai a rufe su duka. Daga wata Hajiya a Kumasi.

Amsa: Hajiya, fifiko wajen aiki da gurbin karatu ya kamata a sa masa wa'adi da ma'auni tun ranar da aka fara. Mai shari'a Sandra Day O'Connor ta Kotun Ƙolin Amurka ta rubuta a 2003 cewa tana sa ran nan da shekara 25 ba za a buƙace shi ba, kotun ta yanke shi bayan 20. Ko an kai ga daidaiton? Alƙaluman babban bankin Amurka na 2022 sun nuna matsakaicin gidan farar fata ya mallaki dukiyar kusan dala 285,000, na baƙar fata kusan 44,900.

Jarida da makaranta da ƙungiya kuwa lissafinsu daban ne, don an taɓa rufe irinsu da sunan haɗewa, an ga abin da ya biyo baya. Bayan hukuncin 1954 da ya haramta raba makarantu, makarantun baƙaƙen fata aka fi rufewa a kudancin Amurka, aka kwashe yaran zuwa na farare, dubban malamai da shugabannin makarantu baƙaƙen fata suka rasa aiki. A wasan besbol ma haka. Baƙaƙen fata sun kafa gasarsu a 1920, da kulob-kulob mallakarsu da masu horarwa da 'yan kallo. Da Jackie Robinson ya shiga babbar gasa a 1947, manyan kulob suka kwashe taurarin, kulob ɗin Kansas City da ya fito daga ciki ko sisi ba a biya shi ba, 'yan kallo suka bi taurari, ɗaya daga manyan gasannin baƙaƙen fata biyu ta rushe a 1948. 'Yan wasa sun samu shiga, masu kulob da masu horarwa aka bar su a waje, kuma sai a 1975 aka ba baƙar fata na farko, Frank Robinson, ragamar horar da kulob a babbar gasar.